Gwajin Siga Ba Ya Warware Tawakkali

 

Iyayenmu a Nima da Aboabo suna shan koko da ƙosai, su ci tuwo, amma da ƙafa suke zuwa kasuwa da masallaci. Mu da Allah Ya kawo Alexandria da Silver Spring da kewayen Washinton, a zaune muke wuni cikin tasi, ko mu kwana aiki, mu dawo mu cika ciki da shinkafa da lemon kwalba. A walimar aure ko suna kuwa, kowa ya san yadda ake jibge faranti. Ga shi Suratul A'araf, aya ta 31, ta halatta ci da sha ta kuma hana wuce iyaka.

Hukumar CDC ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 38 ne ke da ciwon siga a Amurka, kuma kusan ɗaya cikin biyar bai san yana da shi ba. A nan haɗarin yake. Ciwon yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a ɓoye shekara da shekaru. Mutum yana fama da ƙishirwa, da yawan fitsarin dare, da gyambon da ya ƙi warkewa, sai a ce masa sammu ne. Wani kuma ya ce zuwa gwaji raunin imani ne. Subhanallahi! Annabi (SAW) ya umurci sahabbai da neman magani, kuma babu wanda ya fi shi tawakkali.

Binciken da cibiyar NIH ta Bethesda ta ɗauki nauyi, wanda ya fito a 2002, ya nuna cewa masu dab da kamuwa sun rage haɗarin da kashi 58 cikin 100 ta hanyar rage ƙiba da motsa jiki na minti 150 a mako.

Dattijanmu suna jin kunyar faɗa, wasu ma su yi azumi suna kan allurar insulin ba su tambayi likita ba, alhali Suratul Baƙara ta yi wa marar lafiya rangwame. Mu da muke jin Turanci, mu za mu kai su asibiti mu yi tafinta. Idan an gwada jini da safe kafin karya kumallo aka ga 126 ko fiye, a koma a maimaita gwajin, kada a jira bayan Sallah.