Majigin “The 99” Da Alfarmar Sunayen Allah

'Yan'uwa masu karatu, yau za mu duba wata matsala da ta taso daga majigin yara na zane, watau shin kyakkyawar niyya tana isa ta wanke hanyar da aka bi zuwa gare ta?

A shekarar 2006 wani mutumin Kuwait, Dokta Naif Al-Mutawa, masanin halayyar ɗan Adam, ya fara fitar da littattafan zane masu suna The 99, daga baya aka mai da su majigin talabijin. Labarin ya samo tushe daga faɗuwar Bagadaza a hannun Mongol a 1258, inda aka ƙaga cewa malamai sun adana ilmin littattafansu cikin duwatsu 99, duwatsun kuma suka warwatsu cikin duniya. Duk matashin da ya sami ɗaya sai ya sami wata baiwa, tare da laƙabi daga kyawawan sunayen Allah.

Lalle akwai abin yabo a nan. Jaruman daga ƙasashe dabam-dabam suke, maza da mata, baƙi da fari. Jabbar ɗan Saudiyya ne, Noora 'yar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Darr kuwa Ba'amurke ne da ke tafiya a keken guragu. Yaron da bai taɓa ganin mai kama da shi a matsayin jarumi ba, sai dai mugu ko abin tausayi, ya san darajar wannan. Har Shugaba Obama ya yaba wa aikin a 2010.

Amma fa sai suka ta zo ta fuska biyu. A Amurka wasu suka ce dabara ce ta cusa wa yara Musulunci, har tashar da ta saye shi ta fasa nunawa. A 2014 kuma majalisar fatawa ta Saudiyya ta haramta shi.

Sukar farko ƙiyayya ce kawai. Ta biyun ita ce ta cancanci tunani. Malamai sun bambanta sunayen da ake iya siffanta bawa da su, kamar Karimu, da waɗanda suka keɓanta ga Ubangiji, kamar Rahmanu. Shi ya sa iyayenmu suke raɗa wa ɗa Abdurrahman, suna gabatar da bauta kafin sunan. Kyauta da tausayi da haƙuri halaye ne da aka umurce mu mu koya. Rayarwa da kashewa kuwa ba na bawa ba ne, ga shi kuwa cikin jaruman akwai wata da aka kira Mumita. Anan ne ƙafa ta zame.

Saboda haka, mai son ya ba kowane yaro wurin zama a labarinsa, wajibi ne ya girmama abin da iyayen yaron suke tsarkakewa, domin karrama mutum ba ta cika idan aka wulaƙanta abin da ya fi ƙauna. Haka kuma mai kishin addini bai kamata ya tsaya ga hani kaɗai ba, balle barazanar kisa irin wadda wasu suka yi wa marubucin, wadda shari'a ba ta yarda da ita ba. In ka karɓe wa yaro abin kallo, sai ka tanadar masa wanda ya fi shi.

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon bin ta, amin.