Furfura a Bencin Ɗalibai

Karatu: Ayyukan Manzanni 8:26-39; 2 Timoti 4:6-13

A nan ƙasarmu ta Kende, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo, idan ruwa ya janye daga fadama aka kuma kai shinkafa gida, mukan buɗe ajin manya a rumfar da ke gefen majami'a. Mukan zauna ranakun Litinin da Laraba da Jumma'a, daga la'asar har rana ta yi ja. Mata ne suka fi yawa, wasu da goyo a baya, wasu da ƙanshin hayaƙin bandar kifi a tufafinsu. Akwai Kirista, akwai kuma maƙwabtanmu Musulmi waɗanda suka iya ajami amma suna son boko domin takardar asibiti da saƙon waya. Maza kuwa 'yan kaɗan ne, kuma a bencin baya suke zama, kusa da ƙofa.

Cikin mazan nan akwai wani dattijon ikkilisiyarmu da ya doshi shekara saba'in. Da ƙuruciyarsa masunci ne, daga baya ya koma noma. Abin da ya kawo shi aji tsohon miki ne. Shekaru da dama da suka wuce, rashin lafiya ta shiga gidansa, ya karɓi kuɗi a hannun wani mutum, ya dangwala yatsa a kan takarda yana tsammani jinginar gona ce ta damina biyu. Da ya tara kuɗin ya je fansa, sai aka karanta masa takardar, ashe sayarwa ce aka rubuta. Gonar ta tafi ke nan.

Wata Laraba na kira shi gaban allo ya rubuta sunan garinmu. Hannun da ya saba da filafili da fartanya ya riƙe alli kamar zai karya shi, ya juya wani baƙi ya fuskanci hagu maimakon dama. Yara suna leƙe ta ramukan zana, suka fashe da dariya. Ni kuma, maimakon in kore su, sai na ce da irin muryar da nake yi wa 'yan makarantar Lahadi, "Haba Baba, har yanzu?" Ya ajiye allin a hankali, ya yi wa aji sallama, ya fita. Mako uku ba mu gan shi ba.

Da na je gidansa ba da haƙuri, ya shimfiɗa mini tabarma, ya ce, "Fasto, rashin karatu ya ci mini gona, ban mutu ba. Amma karatu ya ci mini mutunci a gaban jikokina, wannan ban shirya masa ba. Kuma ni da nake jiran kiran Ubangiji, ina amfanin a da ba a gare ni?"

Tambayoyi biyu ya ɗora mini, ta kunya da ta lokaci. Na yi shekaru a makarantar tauhidi, amma a ranar ban sami amsa ba. Abin da ke biye shi ne abin da na iske bayan na daɗe ina juya su a zuciyata.

Da fari, sai mu yarda cewa kunyar dattijo ba girman kai ba ce zalla. A wurinmu girma abu ne da ake tarawa a hankali kamar hatsi a rumbu, kuma da shi ake raba gardama, da shi ake neman aure, da shi ake tsawata wa yaro ya ji. Mutumin da ake kawo wa ƙara da safe, in aka ga ya kasa abin da ɗan shekara shida ya iya da yamma, yana da dalilin fargaba. Mu ma masu karatu mun ƙara wa abin gishiri da sunan da muka ba shi. Tun farkon shekarun 1950, da gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da shirin koya wa manya karatu, aka kira shi Yaƙi da Jahilci. Shirin ya yi alheri mai yawa: an buɗe azuzuwa a ƙauyuka, Kamfanin Gaskiya na Zariya da hukumar NORLA suka buga ƙananan littattafai, mutane da yawa suka kai ga karanta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da kansu. Amma sunan yana da ƙaya a jikinsa, domin duk wanda ya shiga ajin kamar ya amsa ne cewa shi jahili ne.

To, dattijon nan jahili ne? Yana jin Hausa da Dandanci da Fulatanci, yana kuma iya ciniki da mutanen Benin. Yana juya naira zuwa sefa da ka kafin ɗalibin sakandare ya lalubo wayarsa. Idan ya dubi launin kogi ya san ko ambaliya tana tafe. Littafin Ayyukan Manzanni, sura 4, ya nuna mana cewa majalisar Yahudawa ta ɗauki Bitrus da Yahaya a matsayin talakawa marasa zurfin karatu, su ma kuwa masunta ne, amma a kansu aka aza aikin shaida tashin Almasihu. Rashin sanin baƙaƙe giɓi ne a cikin katanga, katangar kuwa tana nan tsaye. Malamin da bai ga katangar ba, giɓin kaɗai yake gani, bai isa ya koyar da manya ba. Wannan shi ne laifina a ranar Larabar nan.

Duk da haka, kunya ba ta isa ta zama alƙali ba. Mu dubi mutumin Habasha da muka karanta labarinsa. Babban jami'i ne, ma'ajin dukan dukiyar sarauniya, yana tafe cikin karusarsa daga Urushalima, yana karanta littafin annabi Ishaya. Wani baƙo mai tafiya a ƙasa, wato Filibus, ya matso ya tambaye shi ko yana gane abin da yake karantawa. Babban mutum irin wannan yana da hanyoyi da yawa na kare girmansa. Yana iya tsuke fuska, yana iya cewa direbansa ya ƙara sauri. Sai ya amsa a fili cewa ba zai gane ba sai an bi da shi, ya kuma roƙi Filibus ya hau ya zauna kusa da shi. Daga wannan amsa ce bishara ta shiga zuciyarsa, aka yi masa baftisma, ya ci gaba da tafiyarsa da murna. Haka Afolos, gwanin magana daga Iskandariya, masanin Littattafai, ya zauna gaban masu ɗinkin alfarwa, Akila da matarsa Bilkisu, suka ƙara fayyace masa tafarkin Allah.

Ga abin da na gane. Kalmar nan "ban sani ba" ita ce ƙofar da kowane mai bi ya shiga ta cikinta. Ba wanda ya zo wurin Yesu da takardar shaidar ƙwarewa. Sunan da aka fara kiranmu da shi ma almajirai ne, almajiri kuwa mai koyo ne, ba a kuma ambaci ranar yaye shi ba. Allah kaɗai ne ba ya koyo, gama babu abin da ya ɓuya masa. Mu kuwa halittu ne, saboda haka mutumin da ya ce ya wuce zama a benci yana neman kujerar da ba tasa ba. Dattijon da ya riƙe alli a gaban ƙanana yana yin wa'azin tawali'u wanda ya fi nawa na kan bagade ƙarfi, domin nawa da baki ne, nasa kuwa da mutuncinsa yake biya. Kakanninmu sun ce gemu ba ya hana ilimi. Ni zan ƙara da cewa ilimi ma ba ya aske gemu.

Sai tambaya ta biyu, ta lokaci. Ita ce ta fi wuya, domin akwai gaskiya a cikinta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙwaƙwalwar tsoho ba ta kama baƙi kamar ta yaro, idonsa ya fara hazo, ba kuwa wani aikin gwamnati da ke jiransa. Sa'o'in da zai yi a aji zai iya yin su a lambun albasa ko gyaran koma. Idan ma'aunin ilimi shi ne albashi, to lallai dattijon ya yi gaskiya, ya koma gida ya huta.

Amma mu saurari Bulus a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti. Tsoho ne, yana kurkuku, ya kuma faɗa da bakinsa cewa lokacin tashinsa ya yi, tserensa ya ƙare. 'Yan ayoyi kaɗan bayan wannan, sai ga shi yana roƙon Timoti ya taho masa da alkyabbar da ya bari a Taruwasa, da littattafai, musamman fatun nan masu rubutu. Mutumin da ke jin takun mai takobi a bakin ƙofa yana aika a kawo masa abin karatu. Bai yi lissafin ko zai ci ribarsu ba. Ya ɗauki hankalinsa amana ce daga Allah, kuma mai amana ba ya ajiye aiki don ya ji maigida ya kusa dawowa. A misalin talanti, a Matiyu sura 25, bawan da aka tsauta wa shi ne wanda tsoro ya sa ya binne abin da aka ba shi. Ubangiji ya umarce mu mu ƙaunaci Allah da dukan hankalinmu, bai kuwa sa wa umarnin iyakar shekaru ba.

Ban da wannan, ribar tana nan ko da ba a kirga ta da naira. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan wahalar shekaru ta Likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa. Kusan ƙarni guda ke nan, amma har yau akwai masu bi a ƙauyukanmu da suke riƙe da shi a naɗe cikin ƙyalle, sai ranar Lahadi wani ya buɗe musu. Daga Litinin zuwa Asabar suna zaune kusa da rijiya ba guga. Haka uwar da ba ta iya karanta adadin maganin ɗanta, da manomin da ke zuba maganin ciyawa da ka, da gwauruwar da sai ta miƙa wa ɗan maƙwabci wayarta kafin ta san abin da ɗanta ya aiko daga Legas. Asirinsu kullum a hannun wani yake. Karatu yana mayar wa mutum da mabuɗin ɗakinsa.

Sai dai kada mu mai da boko gunki. Wanda ya rubuta takardar da ta cinye gonar dattijon nan ai mai karatu ne. Bulus ya gargaɗi Korantiyawa cewa sani shi kaɗai yakan kumbura mutum, ƙauna ce ke gina shi. Alƙalami kamar wuƙa yake, da ita ake feɗe kifi a ciyar da gida, da ita kuma ake yanka jakar matafiyi. Saboda haka ajin manya na ikkilisiya bai gama aikinsa ba in ya tsaya ga baƙi da wasali. Dole wanda ya koya ya san cewa an ɗora masa bashi: ya karanta wa maƙwabcinsa takarda da gaskiya, Kirista ne ko Musulmi, ya kuma koya wa wani. Wani mishan Ba'amurke, Frank Laubach, da kuɗin biyan malamai suka yanke masa a tsibirin Mindanao na ƙasar Filifin a shekarun 1930, tsarin da ya ceci aikinsa shi ne duk wanda ya koya ya koya wa mutum ɗaya. Mu ma ba baƙin wannan hanya ba ne. A ƙarni na 19, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta horar da jajoji, manyan mata da suke bin ƙauyuka suna koya wa 'yan'uwansu mata, waɗanda aka sani da 'Yan Taru. Kanawa kuma sun kafa hukumar ilimin manya a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, har UNESCO ta ba ta lambar yabo, kafin Gwamnatin Tarayya ta kafa tata a 1990. Ƙasar nan ta daɗe da sanin cewa babba yana koyo.

Me ya rage gare mu, 'yan'uwa? Mu shugabannin ikkilisiya mu tsare mutuncin mai koyo kamar yadda muke tsare baiko. A toshe ramukan zana. Kada a tsai da dattijo gaban allo sai shi ya nema. A sa lokacin aji inda ba zai yi karo da ranar kasuwa ko dashen shinkafa ba. Mai koyarwa kuma ya shiga aji da niyyar shi ma zai fita da wani abu. Kai kuma ɗan'uwa da wani yake karanta maka wannan shafi domin kai ba ka iya ba, ka sani Ubangijin da ya karɓi Nikodimu, malamin Isra'ila, da ya zo da tambayarsa da dare, ba zai raina tafiyarka zuwa aji da rana ba.

Dattijon nan ya dawo, amma da sharaɗi: zan riƙa zuwa gidansa da safe ranar Talata mu biya tare, shi kuma ya koya mini Dandanci, domin a cewarsa abin kunya ne fasto ya yi shekaru a bakin iyaka bai iya gaisuwa da shi ba. A nan na ɗanɗana abin da na ɗanɗana masa, gama jikokinsa sun yi mini dariya son ransu. Gonarsa ba ta dawo ba, idonsa kuma bai ƙara haske ba, sai manyan baƙaƙe yake gani. Amma a daminar da ta biyo, matarsa ta kwanta ciwo, na shiga gaishe ta, na tarar da shi zaune a bakin gado da yatsa a kan Zabura ta 23, yana haɗa baƙi da baƙi, ita kuma tana ƙarasa masa kalmomin da ta haddace tun tana budurwa. Na tsaya a bakin ƙofa har suka kai ƙarshe, sa'an nan na yi sallama.

Addu'a: Ya Ubangiji, kai ne masanin kome, mu kuwa almajiranka ne har ranar da za ka kira mu. Ka cire mana kunyar da ke hana mu tambaya, da girman kan da ke sa mu raina mai tambaya. Ka albarkaci manya da suke zama a bencin ɗalibai, ka ba masu koya musu haƙuri da ladabi. Ka sa abin da muka koya ya zama kariya ga maƙwabcinmu. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.