Ko Shiru Shi Ne Haƙuri?

Sa'ad da wahala ta sami mutum, mukan tafi gaisuwa mu ce masa, "Sai haƙuri." Maganar nan daidai ce, gama ba mai gama kwanakinsa a duniya ba tare da haƙuri ba. Amma da yawa a cikinmu sun ɗauka haƙuri shi ne mutum ya rufe bakinsa, ya ɓoye abin da ke cinsa, ya yi kamar ba ya jin komi. Irin wannan mukan yabe shi mu ce namiji ne. Bari mu duba ko wannan shi ne ƙarfin zuciya na gaskiya. Za mu ɗauki misali daga ciwon kuturta, domin iyayenmu sun san shi, sun kuwa ji tsoronsa ƙwarai.

A dā mutane suna tsammani ciwon ne da kansa yake cinye yatsu, waɗansu kuma suka ce la'ana ce ko gado. A shekara ta 1873 wani likita a ƙasar Norwe, mai suna Hansen, ya gano ƙwayar da ke kawo shi. Ƙwayar nan takan kama jijiyoyi, har hannu da ƙafa su daina jin zafi. Likita Paul Brand, wanda ya soma aiki a Vellore ta ƙasar Indiya a 1946, ya nuna cewa yawancin ɓarnar daga nan take fitowa. Mace ta sauke tukunya daga murhu, hannu ya ƙone, ba ta sani ba. Manomi ya taka ƙaya da safe, ya wuni yana noma a kanta. Miki ya ruɓe har ya kai ga ƙashi, da haka yatsa yake tafiya.

Ashe jin zafi mai tsaro ne, shi ke ce wa mutum, "Janye hannunka." To, wanda ya koya wa zuciyarsa kada ta ji komi, ko ya hana bakinsa faɗa, ya kori mai tsaronsa ke nan. Bashi yana ƙaruwa, shi kuwa yana murmushi a kasuwa. Baƙin cikin mutuwar ɗa yana cinsa da dare, ba ya gaya wa ko matarsa. Muna ce masa jarumi, alhali kuwa ƙaya tana ƙafarsa yana tafiya a kanta.

Saboda haka mafarin ƙarfin zuciya shi ne mutum ya yarda akwai ciwo, ya kai shi wurin mai iya taimako. Kuturta takan soma da ɗan tabo mai haske a fata, wanda in an taɓa ba a ji. Riga tana iya rufe shi shekaru. Mai tsoron bakin mutane yakan rufe, har jijiya ta mutu. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna waɗanda ke kashe ƙwayar cikin wata 6 ko wata 12, tun 1995 kuma kyauta ake bayarwa. Wanda ya zo da wuri yakan warke da yatsunsa cikakku. Abin da ke tsakaninsa da lafiya shi ne ya tuɓe riga a gaban likita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wani zai ce, "Ai mai yawan faɗin wahalarsa yakan gajiyar da mutane, ya zubar da mutuncinsa." Gaskiya ne, akwai mai gunaguni wanda yake bin ƙofa ƙofa da kukansa, ba kuwa magani yake nema ba. Amma wanda ya zaɓi mutum ɗaya mai hankali, ko likita, ko dattijo, ko aboki, ya ce, "Ga halin da nake ciki, ƙaƙa zan yi?" wannan bai zubar da komi ba. Ya yi abin da ya fi shiru wuya.

Bayan wannan sai aikin kowace rana. Magani yana kashe ƙwayar, amma jijiyar da ta daɗe da mutuwa ba ta komowa. Mai irin wannan ƙafa dole kowace maraice ya jiƙa ta cikin ruwa, ya shafa mai, ya duba da ido ko akwai rauni, kada kuma ya fita ba takalmi. Haka zai yi muddin ransa, ba mai gani balle ya yaba. A nan ne haƙurin gaske yake aiki.

Mu tuna da Ikoli Harcourt Whyte, mutumin Abonnema ta kudancin Nijeriya, wanda aka haifa a 1905. Yana yaro ciwon ya kama shi. A 1932 ya koma mazaunin masu kuturta na Uzuakoli. A can ya koyi tsara waƙa, ya tara 'yan'uwansa marasa lafiya suka zama ƙungiyar mawaƙa, ya shirya waƙoƙin sujada fiye da 200 da harshen Ibo. Da aka ce ya warke, yana iya tafiya, sai ya zauna tare da su. Ya rasu a 1977. Shekarun ƙuruciyar da ciwo ya ci ba su komo masa ba, amma abin da ya rage a hannunsa ya yi aiki da shi.

Ya 'yan'uwa masu karatu, akwai namu rabo a cikin wannan magana. Mutane suna ɓoye tabo domin sun ga yadda muka yi da wanda ya nuna nasa. In muka janye tabarmarmu daga mai ciwo, ko muka kai labarin mai bashi bakin rijiya, mu ne muka koya wa na gaba shiru. In maƙwabci ya zo ya buɗe mana cikinsa, kada mu sallame shi da "sai haƙuri" kaɗai. Mu zauna mu ji shi har ƙarshe, mu riƙe asirinsa, in kuwa yana tsoron tafiya asibiti, mu raka shi.