Tsohuwar Kujera: A Gyara Ko A Bari?

Duk wanda ya gaji tsohuwar kujerar katako, ko ya saye ta a kasuwar gwanjo, wata rana zai tsaya a gabanta da tambaya ɗaya: in kai ta wurin kafinta ya kankare ta, ya goge da samfefa, ya shafa mata sabon fenti, ko in bar ta yadda take? A ido tambayar ƙarama ce, amma abin da aka kankare ba ya dawowa.

Abubuwa uku ne a jikin irin wannan kujera. Akwai katakon, akwai aikin wanda ya ƙera ta, akwai kuma sawun waɗanda suka zauna a kanta: hannun da ya yi santsi saboda yawan dafawa, da launin da shekaru suka dafa. Samfefa tana barin na farko, tana taɓa na biyu, tana shafe na uku cikin yini guda.

Gardamar ta daɗe. Plutarch ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus, wanda mutanen Atina suka riƙa canja masa ruɓaɓɓun katakai ɗaya bayan ɗaya, har masana suka shiga musu ko shi ne jirgin farko. A ƙarni na 19 musun ya koma kan gine-gine. A Ingila, John Ruskin ya rubuta a 1849 cewa mayar da tsohon gini sabo rushewa ce da aka lulluɓe da ƙarya, kuma a kan wannan ra'ayi William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877. A Faransa kuwa, Viollet-le-Duc, wanda ya gyara cocin Notre-Dame, yana ganin mai gyara na da ikon cika abu har ya kai kamalar da wataƙila bai taɓa samu ba.

Ruskin yana da gaskiya, amma ba dukanta ba. An yi kujera don a zauna ne. Wadda aka jingine a lungu saboda tsoron taɓawa, gara na cinta, ba a girmama ta ba. Mutanen Djenné a Mali suna yi wa babban masallacinsu sabon yaɓe kowace shekara, in ba haka ba damina ta cinye shi. A Jafan ana sake gina wurin ibada na Ise duk bayan shekara 20. A wuraren nan abin da ake gadon shi ne sana'ar da kulawar, ba ƙasar ko katakon ba.

To, ina mafita? A ganina mai tsohuwar kujera ɗan riƙon amana ne: ya karɓa daga wasu, zai miƙa wa wasu. Amana kuwa tana da sharuɗɗa.

Na farko, a san abin da ke hannu kafin a taɓa shi. Kujerar Thonet mai lamba 14, wadda ta fito a 1859, an ƙera miliyoyinta; sabunta guda ɗaya ba zai rage wa duniya komai ba. Wadda wani masassaƙi ya yi da hannunsa, babu irinta, hukuncinta daban. In kuma gado ce ta gida, sauran magada suna da ta cewa.

Na biyu, a fara da mafi sauƙi. Sau da yawa abin da ake zaton lalacewa datti ne kawai. Tsumma mai ɗan laima da ɗan kakin zuma sun isa. Kada garin neman gira a rasa ido.

Na uku, a zaɓi gyaran da na baya zai iya warwarewa. Kafintocin da suna haɗa gaɓoɓi da gam na fatar dabba, wanda ruwan ɗumi ke saki, shi ya sa ake iya kwance aikinsu a sake ɗaurawa. Ƙusa da gam mai ƙarfi na zamani suna rufe wannan ƙofa.

Na huɗu, kada a yi ƙarya. In an canja ƙafa ɗaya, a faɗa wa mai saye. Dattin bogi da ake shafa wa sabon katako don ya yi kama da tsoho algus ne.

Akwai inda hakkin mai rai ya rinjayi tarihi. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma. Amurka ba ta haramta shi a gidaje ba sai 1978. In yana ɓarewa a gidan da yara ke rarrafe, dole a cire shi, amma ba da busasshiyar guga mai tayar da ƙura ba.

Wanda ya bi waɗannan zai iya gyara kujerarsa da kwanciyar rai. Ya ɗaure ƙafar da ke rawa, ya sake saƙa mazaunin da ya yage, ya bar santsin hannun nan yadda ya same shi.