Wa Zai Biya Bashin Madatsa?

A dogon hutun da ya wuce na kai wa yayana ziyara a Alƙahira, inda yake karatu, muka gangara kudu har Aswan. Daga nan muka yi sammako a mota zuwa Abu Simbel, tafiyar kilomita wajen 280 cikin hamada. Ba itace, ba tsuntsu, sai rairayi da baƙaƙen duwatsu, ga zafi kamar a bakin maƙera. Wanda ya ratsa wannan ƙasa ba sai an yi masa wa'azi a kan darajar ruwa ba.

Saboda haka da muka komo Aswan, na tsaya bisa babbar madatsar da aka gina a Kogin Nilu tsakanin 1960 da 1970, sai na ji ina jinjina wa maginanta. Tsayinta mita 111. Ta ba ƙauyuka lantarki, ta hana ambaliya, ta kuma tsare Masar daga farin shekarun 1980.

To, amma ƙarƙashin tafkin nan akwai gidajen Nubiyawa kimanin 100,000, da dabinonsu, da kaburburan iyayensu. An kwashe na Masar zuwa Kom Ombo, na Sudan kuwa zuwa Khashm el-Girba, nesa da kogin da suka sani. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gumakan Fir'auna Ramsis na biyu da muka gano a Abu Simbel. Daga 1964 zuwa 1968 ƙasashen duniya suka haɗa kuɗi, aka yanka su gunduwa-gunduwa, aka ɗaga su mita 65 don kada ruwa ya taɓa su. An ceci dutse, an bar garin Wadi Halfa ya nutse.

Wani zai ce ai amfanin miliyoyi ya rinjayi hasarar dubbai. Ban musa ba, ban kuma ce da ba a gina ba. Abin da na ƙi shi ne a ɗauka rinjaye yana goge bashi. Wanda ya sha ruwan nan, ko ya kunna fitila, akwai hakkin wanda aka tasa a wuyansa, kuma biya ba alfarma ba ne.

Ya 'yan'uwana ɗalibai, kada mu ce wannan labarin Masar ne kawai. A 1980 jinin manoma ya zuba a Bakolori saboda sun nemi diyyar gonakinsu. Gobe wasunmu ne za su riƙe alƙalamin da ke sa hannu a irin waɗannan ayyuka. Allah ya sa ran nan mu fara ƙirga mutane kafin mu ƙirga buhunan siminti, amin.