Tsuntsayen Baturiya da Amanar da Allah Ya Ɗora Mana



Idan hunturu ya shigo, ruwan ambaliya ya fara janyewa daga fadamun Kogin Hadejia, an sha ganin baƙi daga ƙasashe masu nisa sun nufi dajin Baturiya a ƙaramar hukumar Kirikasamma, ko kuwa Dagona da ke ƙasar Bade a Jihar Yobe. Ba fatauci ke kawo su ba, ba su kuwa riƙe da koma ko bindiga. Madubin hangen nesa kaɗai suke ratayawa, su kwana a bakin daji, su tashi da asuba domin kallon tsuntsaye. A shekarar 1989 Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila, ya taka har Dagona saboda wannan kallo. A shekarar 2008 kuma aka sa Baturiya cikin jerin dausayoyi masu daraja na duniya, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Mu da muke zaune a Malam Madori da kewayenta, tafiyar da ba ta cika yini ba ce tsakaninmu da wurin nan, amma mu nawa ne muka taɓa zuwa da niyyar kallo kawai?

Bari mu dubi abin da baƙin nan suke nema. Akwai agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa da suke ƙyanƙyasa a arewacin Turai da Asiya. Idan sanyi ya matsa musu, sai su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare hamadar Sahara, tafiyar dubban kilomita, su sauka a fadamunmu bayan damina. Wajen watan Maris da Afrilu kuma su juya gida. A nan suke cuɗanya da 'yan gida, wato dinya da kirinjijiya da zalɓe da belbela. Babu mai nuna musu hanya, babu mai buga musu ƙararrawa, duk da haka ba sa saɓa lokaci.

Annabi Irmiya ya lura da wannan tun dā. A sura 8 aya 7 ya kafa wa mutanen Yahuza hujja da shamuwa da sauran tsuntsaye masu ƙaura: su suna kiyaye lokacin zuwansu da na komawarsu, alhali jama'ar da aka ba Shari'a ta yi watsi da ka'idar Ubangiji. Kowane manomi a ƙasar Hadejia ya san cewa idan shamuwa ta bayyana, damina ta ƙarato, sai a gyara gona. Ashe tsuntsu yana biyayya ga Mahaliccinsa ba tare da an yi masa wa'azi ba. Ɗan Adam, wanda aka ba hankali da baftisma, shi ne ake ta kira yana noƙewa.

Wace ka'ida ce muka saɓa? A Littafin Farawa 2:15 Allah ya danƙa wa mutum gonar Aidan da aiki biyu, noma da kiyayewa. Na farkon mun riƙe shi da hannu biyu: muna noman shinkafa da alkama da barkono, muna su, muna kiwo. Na biyun ne muka saki. Maimaitawar Shari'a 22:6-7 ta hana wanda ya tarar da sheƙa ya kwashe uwa tare da 'ya'yanta, ta kuma haɗa wannan ƙaramar doka da alkawarin tsawon rai. Hikimar a fili take, gama wanda ya cinye uwa ya cinye na baɗi. Mai zuba guba a tafki domin ya kwashe kifi a yini ɗaya, da mai sare bagaruwa ɗanya ya loda wa mota ta nufi birni, da mai cinna wa daji wuta saboda ɓera ɗaya, dukansu uwa suke ɗauka tare da 'ya'yanta. Gauraki, waɗanda kakanninmu suka saba gani garke-garke, yau da wuya yaro ya ce ya taɓa ganin ko ɗaya.

Gaskiya ne ba duk laifin ke wuyan talaka ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin ta sauya. Ambaliyar da takan shimfiɗu a fadama a lokacinta ta ragu, ruwa kuma ya riƙa kwanciya a wasu hanyoyi rani da damina. Nan ne ciyawar kacala ta sami wurin zama, ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan-baki masu cinye amfanin gona. A 2022 kuwa mun ga ɗaya fuskar matsalar, sa'ad da ruwa ya ci gidaje da gonaki a sassa da dama na Jihar Jigawa. Idan fadama ta ƙuntata, manomi da makiyayi da masunci sukan tsinci kansu a kan ɗan wuri guda, daga nan sai husuma. Saboda haka maganar tsuntsaye maganar tuwonmu ce, maganar zaman lafiyarmu ce kuma.

Ikilisiya ba ta yi shiru ba. A 1979 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ayyana Waliyi Faransis na Asisi majiɓincin masu kula da muhalli, a saƙonsa na Ranar Zaman Lafiya ta 1990 kuma ya nuna cewa ɓarnar halitta matsala ce ta lamiri. A 2015 Paparoma Faransis ya fitar da wasiƙarsa Laudato Si', ya kuma keɓe 1 ga Satumba ta zama ranar addu'a domin kula da halitta.

To, me za mu yi? Na farko, mu je mu gani. Muna roƙon ƙungiyoyin matasa da Zumuntar Mata da katikis na kowace majami'a su shirya ziyara zuwa Baturiya tsakanin Disamba da Fabrairu. A nemi izinin ma'aikatan gandun daji, a tafi da ɗan jagora daga mutanen wurin, a biya shi hakkinsa. A bar danƙo da tarko a gida, a rage surutu, a koya wa yara sunan kowane tsuntsu da kowace bishiya. Ubangijinmu da kansa, a Matiyu 6:26, ya aike mu makarantar tsuntsaye domin mu koyi dogara ga Uba. Idon da ya koyi kallon abu ba tare da hannu ya kai masa cafka ba, ya fara koyon tsoron Allah.

Na biyu, kada a sami mai guba ko mai ƙona daji a cikinmu, wanda kuma ya aikata, ya kawo shi wurin furta zunubi kamar kowane laifi ga maƙwabci. Na uku, ranar da aka yi gayyar yanke kacala, mu fito tare da maƙwabtanmu Musulmi, gama kogi ɗaya muke sha.

Bari Allah Uba, wanda yake bi da tsuntsu a kan hamada har ya sauke shi lafiya a fadamarmu, ya ba mu zuciyar riƙon amana, domin jikokinmu su tarar da ruwa da kifi da inuwa, ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.