Ko Kiɗa Yana Warkar Da Ciwo?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin 'yan makaranta da iyayensu. Tsofaffi suna cewa da idonsu sun ga an kaɗa wa mara lafiya garaya ya miƙe. Yara kuwa, da sun karanta kiwon lafiya na shekara biyu, sai su yi dariya su ce duk camfi ne. To, jama'a, bari mu zauna mu auna maganar nan da hankali, gama gobe daga cikinku za a sami likitoci da malaman asibiti, kuma ran mutane zai rataya ga amsar da kuka riƙe.

Da farko dai kiɗa ba baƙo ba ne a ƙasar nan tamu. Mu mutanen Sundimina da Gwaram mun san duwatsun Birnin Kudu, inda mutanen dā suka zana shanu a jikin dutse. A nan ne cikin 1955 wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya lura da duwatsun da in an buga su su kan yi amo kamar kuge. Ramukan da bugu ya ci a jikinsu sun isa shaida cewa an daɗe ana kaɗa su. Abin da kakanni suka riƙe har ya cinye dutse, bai kamata jika ya yar da shi ba tun bai bincika ba.

Sai mu duba abin da kiɗa ke yi wa jiki. Babban mutum in yana zaune lafiya ya kan ja numfashi sau 12 zuwa 20 cikin minti ɗaya. In tsoro ya kama shi numfashin ya kan yi sauri, ya tsaya a ƙirji, zuciya kuma ta riƙa bugawa da gaggawa. In ya saki numfashi a hankali, ya tsawaita fitarsa, sai bugun zuciya ya lafa. Wahalar ita ce mai firgita ba ya iya umurtar numfashinsa. Ka ce masa ya kwantar da hankalinsa, sai ka ce da dutse ka ke magana. Amma in aka sa shi ya bi waƙa, dole ya ja iska inda baiti ya yanke, ya sake ta inda baiti ya miƙe. Watau waƙa linzami ce ga numfashi, numfashi kuwa linzami ne ga zuciya. Cikin 2001 waɗansu likitocin Italiya suka auna mutane suna maimaita addu'a da murya bisa ƙa'ida ɗaya, suka tarar numfashinsu ya sauko wajen sau 6 a minti. Uwa mai rarrashin jariri a bayanta ba ta karanta wannan ba, amma da shi ta ke aiki.

Masanan dā ma ba su jahilci abin ba. 'Yan makarantar mishan sun san labarin Dawuda da ya kan kaɗa wa Sarki Saul molo in ransa ya ɓaci har ya sami sauƙi. Imam Gazali ya keɓe babi guda cikin Ihya'u a kan sauraron waƙa da abin da ta ke motsawa a zuciya. A Kano kuwa 'yan Ƙadiriyya, mabiya Shaihu Nasiru Kabara wanda ya rasu a 1996, suna da zikirin da a ke kira anfasu, kalmar Larabci ce mai nufin numfashi da yawa. Su kan jeru, suna ambaton Allah tare da shigar numfashi da fitarsa, bandiri na riƙe musu lokaci. Malamai sun saɓa a kan hukuncin bandiri, wannan kuwa fagensu ne. Abin lura gare mu shi ne, mutanen sun gane numfashi na bin amo.

Amma fa linzamin da ke tsai da doki shi ne kuma a ke sakin sa da shi. In kiɗa ya yi zafi, mai binsa ya riƙa haki, iskar nan da jiki ke fitarwa, wadda a ke kira kabon dayoksaid, ta kan ragu cikin jini fiye da kima. Daga nan sai jiri, yatsu su yi ta tsirawa, ido ya yi duhu, wani ma har ya faɗi. Ku tuna da wannan in kun ji labarin bori, inda kowane iska ke da nasa take, a kaɗa goge ko garaya da ƙwarya har doki ya hau, kāna a ce ya sauka in ya yi atishawa. Kiran iskoki abu ne da malamanmu suka hana tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ba kuwa kare shi mu ke yi ba. Duk da haka sai mu tambaya, me ya sa wata mace da baƙin ciki ya dame ta ta kan ji dama bayan girka? An kewaye ta kwana da kwanaki, an ciyar da ita, an saurare ta, an bar ta ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Wanda ya ce ba a yi mata kome ba bai san mutum ba.

Ga inda alhaki ya ke. Kiɗa na sauƙaƙa tsoro da kaɗaici da rashin barci, har zafin ciwo ya kan rage wa mai jinsa. Ƙwayar cuta kuwa ba ta da kunne. Tarin fuka sai an sha magani wata 6. Farfaɗiya, wadda a kan ce bugun iska ce, ciwon ƙwaƙwalwa ce, akwai kuwa ƙwayoyin da ke tsai da ita. Sanƙarau na iya kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma annobarsa ta 1996 ta ci rayuka fiye da 11,000 a Nijeriya. Saboda haka duk wanda ya ga wuyan yaro ya sanƙare, jikinsa zafi rau, ya ce a dakata a kira makaɗi, alhali ga hanyar asibitin Birnin Kudu, ya ɗauki ran yaron nan a wuyansa, ko da niyyarsa kyakkyawa ce. Wanda kuma ya karɓi kuɗi a kan haka, yana sane, ya ci haram.

Ɗan makaranta ma yana da nasa laifin in ya yi girman kai. Malamin asibitin da ya yi wa tsohuwa tsawa don ta fara zuwa wurin boka, ya koya mata kada ta sake dawowa. Dokta Adeoye Lambo, da ya kafa tsarin jiyyar masu taɓin hankali a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta cikin 1954, bai kori masu maganin gargajiya ba. Ya jawo su ya yi aiki da su, ya bar majiyyata suna zaune da danginsu, shi kuwa yana ba da nasa maganin. Ya san da mugun rawa gara ƙin tashi, amma ya kuma san ba kowace rawa ce mugu ba.

To, ga ma'aunin da mu ke ba ku. In kun ga ana yi wa mara lafiya waƙa ko kiɗa, ku tambayi abu biyu. Na ɗaya, yana mayar masa da numfashinsa da hankalinsa ne, ko kuwa ƙwace su ya ke yi? Na biyu, yana raka shi zuwa wurin magani ne, ko tare masa hanya ya ke yi? In ya natsar da shi, ya kuma raka shi, ku bar shi, ku ma sa baki. In ba haka ba, ku hana, amma da ladabi, don a ji ku. Allah ya ba majiyyatanmu lafiya, ya sa iliminku ya amfani jama'a, amin.